Ranar da Baba Sanarwa Ya Tarbi Baƙi

Duk wanda ya zauna a Doha a shekarun da ake ta cusa benaye cikin sama, bai kuma taɓa jin muryar Dattijo Istifanus Auta ba, to ya yi zaman asara. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar tsayi, da faɗin ƙirji, da tumbin da ke riga shi shiga ɗaki ya gaisa da mutane kafin shi ya iso. Daga Asabar zuwa Alhamis shi ne shugaban masu gadi a wani siton tayil a Sana'iyya, unguwar masana'antu, inda yake mulkin mutum uku da usur guda. Amma wannan aikin neman tuwo ne kawai. Aikinsa na gaskiya, wanda yake da tabbacin mala'iku na tsayawa su kalla, sai ranar Juma'a yake farawa.

Ranar Juma'a ce ranar hutu, ita ce kuma ranar sujada. Wata ƙaramar ikilisiya ta masu jin Hausa tana taruwa a falon wani gidan haya a unguwar Mansura, a saki labule, a rera waƙa a hankali don kada a takura wa maƙwabta. Mutanen Kafanchan ne da Billiri da Zuru da Numan: direbobi, masu shara, masu wanke majinyata a asibiti. Fastonsu, Gayus, mai gyaran wutar lantarki ne, yakan hau wa'azi da tabon fulaya a yatsa. Ba su da gini, ba su da ƙararrawa. Abin da suke da shi shi ne alkawarin da suka ɗauka na riƙe iyali biyu na masu bishara: iyalin Malam Ɗantani a can bayan duwatsun Ningi, da iyalin Malam Habila a wani ƙauye kudu da Damazin, a ƙasar Sudan.

Aiki irin wannan kuwa yana buƙatar shugaba, kuma Ubangiji bai bar mutanensa cikin ruɗu ba. Ranar da aka ce a kafa kwamiti, Dattijo ya miƙe ya gabatar da sunan mutumin da ya fi cancanta, ya kuma goyi bayan sunan da kansa. Shinkafa na hucewa a kicin, kowa ya ce ya yarda. Tun daga ranar ya zama Shugaban Kwamitin Tallafa wa Masu Bishara na Gida da Waje. Matan zumunta, da yake numfashinsu bai kai tsawon wannan sarauta ba, suka taƙaita masa ita: Baba Sanarwa.

Ba a banza ya ci sunan ba. Fasto Gayus yakan gama wa'azi mutane na so ya ƙara. Baba Sanarwa yakan fara sanarwa mutane na roƙon Allah ya kawo ƙarshenta suna raye. Sai ya gyara kwat, ya yi gyaran murya har sau biyu, ya dubi silin kamar daga can ake karanto masa.

"Ƙaunatattu, ni ba mai son magana ba ne. Amma nauyin ƙasashe biyu yana kan wannan kafaɗa. Wasu suna barci su yi minshari, ni in na kwanta Ningi ce a wannan ido, Sudan a wancan. Kuma kada ku manta, ni ma a filin bishara nake. Na bar garinmu, na ƙetare teku. Watan jiya na'urar sanyin ɗakina ta mutu, na kwana cikin gumi, ban yi gunaguni ba. Abin da 'yan'uwanmu suke sha ke nan a daji, na ɗanɗana, na sani."

Tawali'unsa ma abin koyi ne. A lokacin baiko shi yake riƙe kwando, kuma kowa ya san mai riƙe kwando da hannu biyu ba shi da hannu na uku da zai kai aljihu. In matan zumunta sun gama cika kwali da maganin zazzaɓi da rigunan makaranta da suka ɗinka bayan sun taso aiki, shi yake ɗora hannu a kai ya yi addu'ar da sai ƙafar kowa ta yi sanyi. In aka zo ɗaga kwalin a kai mota, nan take tsohon ciwon bayansa yake tashi, ciwon da ya ce ya samo shi wajen yi wa Ubangiji hidima.

Da iska ta yaye rufin ɗakin Malam Ɗantani ana tsakiyar damina, yara suna kwana a coci, Baba Sanarwa bai yi wasa ba. Ya kafa ƙaramin kwamiti a cikin babban kwamiti. Zama na farko aka yi muhawara ko za a kira shi Kwamitin Rufi ko Kwamitin Agajin Gaggawa. Zama na biyu bai yiwu ba, Shugaba yana mura. Kafin zama na uku Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata, wata gajeriyar mace daga Billiri mai aikin kula da tsofaffi a asibiti, ta riga ta bi ɗakunan 'yan'uwa ta haɗa abin da ya samu, ta aika ta hannun wani direba mai tafiya hutu. Aka buga kwano. Juma'ar da ta biyo baya Baba ya sanar cewa, cikin ikon Allah da hangen nesan shugabanci, matsalar Ningi ta zo ƙarshe. Ya ce kada a tafa masa, a tafa wa Ubangiji. Sannan ya tsaya ya jira tafin.

A shekarar dubu biyu da bakwai labari ya zo daga Sudan wanda ya tayar da hankalin falon Mansura. Keziya, matar Malam Habila, ta daɗe tana fama da ciwon ciki, yanzu ko kunu ba ya zama. Likitoci a Khartoum sun ce ƙari ne, sai an yi aiki, aikin kuma sai Indiya. Mama Rifkatu ce take magana da su ta waya in Malam Habila ya shigo gari, ita ta kawo labarin tana share ido da bakin gyale. Mutane suka yi abin da suka saba. Wani ya fasa zuwa hutu. Wata ta sayar da awarwaron da ta saya wa 'yarta. Bari in faɗa tun yanzu don hankali ya kwanta: an yi aikin, Keziya ta tashi, ta koma ƙauyenta da ƙafarta. Amma a lokacin babu wanda ya san haka.

Jirgin da aka samu ta Doha zai biyo, su sauka da safe su tashi da yamma, kuma ranar Juma'a ce. Wani ɗan'uwa mai aiki a otal ya roƙi kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, aka samo musu izinin shiga gari na yini guda. Mama Rifkatu ta ce a kai matar ɗakinta ta yi wanka, ta kwanta, in ta samu ƙarfi ta zauna a sujada.

Baba Sanarwa ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai taɓa shugabanci ba.

"Mama, wannan ba zuwan baƙi ba ne, tarihi ne. Sojojin da na tura fagen fama za su zo su ga janar ɗinsu ido da ido. Ki ce a kai su ɗaki a rufe kamar kayan sata? Za a yi Gagarumar Tarba. Khalas, magana ta ƙare."

Safiyar ranar, cikin watan Yuni, lokacin da ko kyanwa ba ta taka kwalta a Doha, Baba ya fito cikin kwat mai falmaran, da lakataye ja, da wani ƙyalle mai sheƙi da ya rataya daga kafaɗa zuwa ƙugu kamar wanda ya ci gasar kyau. Motar da za ta ɗauko baƙi ta Dikko ce, wani Bakatsine Musulmi da ke jan ƙaramar bas ta kamfanin tayil. Dikko ya ce zai yi don Allah da kuma maƙwabtaka, sharaɗinsa ɗaya: a sallame shi kafin lokacin masallaci.

A filin jirgi Baba ya tsaya a gaba, Mama Rifkatu da mata biyu a bayansa. Ya riga ya san kamannin mutumin da ya cancanci a ce yana ƙarƙashinsa. Don haka da wani dogon Basudane ya fito cikin farar jallabiya da rawani, yana tura akwatuna masu tayoyi, Baba ya buɗe hannuwa ya tare shi.

"Bawan Ubangiji! Maraba da jarumi!"

Mutumin ya dube shi, ya dubi ƙyallen, ya rungume akwatinsa ya kauce da sauri.

Can gefe kuwa Mama Rifkatu ta riga ta durƙusa gaban wata mace da ke zaune kan benci, siririya kamar a hure ta ta faɗi, leɓunanta sun bushe. Kusa da ita wani ɗan guntun mutum ne cikin kaftani da ya koɗe, yana riƙe da jakar leda mai ɗaurin igiya. Malam Habila ke nan. Baba ya ƙaraso, ya auna su da ido daga sama zuwa ƙasa, ya haɗiye takaicinsa kamar namiji. Bai faɗi sunansa ba. Rana ba ta gabatar da kanta.

"Ni ne Shugaba," in ji shi.

Malam Habila ya rusuna. "Sannu da aiki, Baba. Ubangiji ya ƙara ƙarfi."

Jawabin maraba ya fara daga kiran da Baba ya ji yana yaro a bakin rafi, ya ratsa ta wahalar samun biza, yana shirin shiga batun na'urar sanyi sai Dikko ya leƙo.

"Baba, yalla, mu tafi mana. 'Yan sanda za su rubuta mini tara a waje."

Aka shiga mota. Mama Rifkatu ta ce a miƙe Mansura. Baba, daga kujerar gaba, ya ɗaga yatsa.

"Kurnish tukuna. Wanda ya zo Doha bai ga bakin teku ba, me zai je ya ba da labari? Mutanen nan shekara da shekaru ba su ga abin da ya fi bukka tsawo ba. Ganin gini ma magani ne."

"Baba, matar nan ba ta da ƙarfi."

"Iskar teku za ta ba ta."

Iskar tekun kuwa kamar an buɗe murfin tukunya. Babu kowa a Kurnish sai jiragen katako da ke ɗaure suna lilo a ruwa, da Baba Sanarwa da ayarinsa. Ya sa aka sauko da kowa. Malam Habila, mutum mai kunya wanda bai iya musa wa babba ba, ya tallafo matarsa suka tsaya. Baba ya juya musu baya, ya fuskanci benayen da ke tashi a ƙetaren ruwa, ya miƙa hannu kamar shi ya ce su wanzu.

"Kun ga wancan? Tayil ɗinmu ne a ciki. Ta gabana ya wuce, ni na ɗaga sandar ƙofa. Wancan ma haka. In an zo rubuta labarin garin nan, ba zan ce komai ba, duwatsu za su yi magana. Haka shugabanci yake, Malam. Kai kana can kana shuka a ƙauye guda, ni ina nan ina kallon duniya gaba ɗaya. Kowa da matsayin da aka ajiye shi. Kada ka ji ƙanƙanta, aikinka ma yana da amfani."

A bayansa gwiwoyin Keziya suka saki. Ba ta yi ƙara ba, ta sulale ne kawai, mijinta ya tare kanta kafin ya bugi dakali. Mama Rifkatu ta kwance gyalenta ta jiƙa da ruwan gora ta ɗora mata a goshi.

"Dikko, kama min ƙafafunta."

"To, Mama. Bismillah."

Suka ɗauke ta cak zuwa mota. Ɗaya daga cikin matan ta waiga ta buɗe baki za ta kira Shugaba, Mama Rifkatu ta ce, "Bar shi ya gama." Dikko ya ja ƙofa ya ba motar wuta.

Baba ya gama da benaye, ya yi bayanin zurfin teku, ya kawo misalin jirgin ruwa da matuƙinsa. Da ya juyo don karɓar sannu, sai ya tarar da dakali, da gorar ruwa babu komai a ciki, da wani tsuntsu da ke kallonsa da ido ɗaya.

Samun tasi da tsakar ranar Juma'a a bakin Kurnish jarrabawa ce da ko waliyyai sai sun dage. Baba ya iso Mansura bayan azahar, kwat ya manne masa kamar fatar kifi, ƙyallen ya zuba masa launi a riga. Ya tarar Keziya ta farfaɗo, an yi mata wanka, ta yi barci, har ta sha rabin kofin kunun gyaɗa. Ya sha ruwa kofi bayan kofi, numfashinsa ya dawo, basirarsa ma ta dawo.

"Madalla. An bi umarnina. Ni na ce a yi gaba da ita, na tsaya ina yi mata addu'a a bakin ruwa."

Matan suka ci gaba da hidimarsu. Dikko ya riga ya tafi masallaci, shi kaɗai ne da zai iya dariya a fili.

Da la'asar aka taru. Falon ya cika har bakin kicin, wasu a tsaye a kan matakala. Keziya ta ce sai ta zauna cikin 'yan'uwa, aka jingina ta da matasai kusa da Mama Rifkatu. Aka yi waƙa, mata suna kallonta suna hawaye. Fasto Gayus ya taƙaita wa'azi don baƙo ya samu lokaci. Baba, wanda ya aro busasshiyar riga da ba ta rufe cibiyarsa ba, ya miƙe ya cinye rabin lokacin wajen gabatarwa, sannan ya ce:

"Yanzu, Malam, ka faɗa wa ikilisiya gaskiya. Kada ka ji nauyina. Yaya ake jin shugabancin wannan kwamiti a ƙasar Sudan?"

Malam Habila ya tashi yana murza hularsa. Muryarsa ƙarama ce, sai da aka kashe fanka. Ya gode wa mata saboda magani, ya ce yara da yawa a ƙauyen sun tsallake damina saboda shi. Ya gode saboda rigunan makaranta. Da ya zo kan batun matarsa sai hawaye suka zubo masa. Sannan ya share fuska ya ce:

"Akwai abu guda da ikilisiyarmu ta ce lalle in isar. Ba mu samu zarafin yi muku ta'aziyya ba. Ina roƙo mu miƙe tsaye mu yi shiru kaɗan, mu tuna da ɗan'uwanmu da ya riga mu, marigayi Dattijo Istifanus Auta."

Wasu daga baya, waɗanda ba su ji sunan sosai ba, suka miƙe. Fasto Gayus ya kama haɓarsa. Wata mata ta tura gyale cikin baki.

Malam Habila ya ga fuskoki sun canza, ya ɗauka baƙin ciki ne, ya ci gaba a hankali. "Bara wani ɗan kasuwa ya kawo mana hotonsa daga nan, cikin baƙin firam. An rubuta a ƙasa: Ya cika hidimarsa, ba za a taɓa mantawa da shi ba. Saurayi kyakkyawa, siriri, ga suma. Muka ce kai, mutuwa ba ta duba ƙuruciya. Muka yi masa sujadar tunawa a ƙarƙashin bishiya. Tsofaffi sun yi kuka ƙwarai, ko da yake ba wanda ya san shi."

Gaskiyar magana, hoton kyauta ce da Baba ya aika wa filin bishara don murnar cikarsa shekara biyar a kan kujera, ba tare da ya sanar da kowa ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihinsa. Ya zaɓi hoton da aka ɗauke shi tun kafin ya yi aure, don masu bishara su samu ƙarfafawa. Firam mai ruwan zinariya ya yi tsada a kasuwa, baƙin kuma ya fi kwarjini.

"Ni ne!" Muryar Baba ta fashe kamar ta zakaran da bai gama koyon cara ba. "Ni ne Istifanus Auta! Ga ni a tsaye!"

Malam Habila ya ja da baya. Ya dubi sanƙon, ya dubi kumatun, ya dubi cibiyar da ke leƙe ta ƙasan rigar aro. Mutum ne da bai iya ƙarya ba ko don ladabi.

"Ikon Allah," in ji shi. "Baba, ka yi haƙuri. Ba mu taɓa jin an ce kana nan ba."

"Ba ku tambaya ba? Shekara guda ina mace, ba wanda ya tambayi Mama a waya?"

"Mun so mu yi mata gaisuwa. To kuɗin waya, Baba, in an fara maganar magani da makaranta sai layi ya yanke. Maganarka ba ta taɓa tasowa ba."

A nan ne Keziya ta ɗago daga kan matasai. Baiwar Allah ta ga dattijo ya shiga damuwa, ta so ta sanyaya masa rai da abin da ta fi sani, wato shaida. Ta ɗaga siririn hannunta, ta yi murmushi da dukkan zuciyarta.

"Baba, kada ranka ya ɓaci, abin godiya ne. Ranar da muka ga hoton nan ni da Malam ba mu iya cin abinci ba. Muka ce shi ke nan, babban ya tafi, taimako ya yanke. Sai ga kwali ya zo a kan lokaci. Na gaba ma ya zo. Tun da ka rasu, Baba, ko allura ba ta ragu ba. Ubangiji mai aminci ne."

Ikilisiya kuwa, da yake bakinta ya saba, ta amsa gaba ɗaya da ƙarfin da har maƙwabta suka ji:

"Amin!"